Wai Gwanin Ɗan Wasa Ba Ya Iya Koci?

Jama'a, wannan maganar da wasu ke ta yawo da ita, wai wanda ya yi tashe a fili ba ya iya horar da 'yan wasa, wallahi ta ishe ni. Kun ga biyu ko uku sun gaza a ƙwallon ƙafa, shikenan kun yanke wa kowa hukunci?

To ku leƙa ƙwallon hannu a Rasha. Vladimir Maksimov ya ci zinare a Olamfik na 1976 a Montreal yana ɗan wasan Tarayyar Sobiyet. Da ya zama kocin Rasha, ya ɗauko kofin duniya a 1993 da 1997, na Turai a 1996, sannan zinaren Olamfik a 2000.

Yaronsa na 1993, Talant Dujshebaev, shi ma da ya koma koci ya ci kofin zakarun Turai sau huɗu, uku da Ciudad Real, ɗaya da Kielce.

Wanda ya gaza, a ce shi ya gaza. Amma a daina yi wa tsofaffin 'yan wasa kuɗin goro ana hana su aiki. Mai ja ya kawo hujja, ba surutu ba.