Kalmar mako: “Kisa”

Baƙon da ya sauka Magariya ko Dungas da kaka, bayan an ɗaure dammunan hatsi, zai iya jin samari suna dawowa daga fili da almuru suna cewa: “Yau an kashe wane.” In bai san gari ba, sai hankalinsa ya tashi, ya tambayi inda za a yi ta'aziyya. Alhali kuwa mamacin yana can bakin tukuba yana cin tsire. Dambe aka yi, aka kai shi ƙasa.

A bakin ƴan dambe, kisa shi ne a bugi abokin karawa har hannunsa, ko gwiwarsa, ko jikinsa ya taɓa ƙasa. Da zarar haka ta faru, magana ta ƙare. Ana karawa ne turmi-turmi, galibi har uku. In turmi ukun suka wuce kowa na tsaye, sai a raba su a ce “babu kisa”. A damben Turawa, wanda Isaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a cikinsa a birnin Munik a 1972, wanda ya faɗi yana da damar tashi kafin alƙali ya ƙirga goma. Damben Hausa bai san wannan rangwame ba.

Me ya sa aka zaɓi kalma mai nauyi haka? Mai karatu ya dubi kokowa. Tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi zarra, abin da ake faɗi shi ne “ya kada shi”. Ba a cewa ya kashe shi. Dambe kuwa harshen yaƙi ya gada. Hannun da ake naɗewa da ƙyalle da zare sunansa mashi. Wanda ake miƙawa gaba a buɗe sunansa garkuwa. Ƴan wasa ma runduna-runduna suke: Kudu, Arewa, Guramada. Wanda ya shiga fili da mashi da garkuwa, in ya yi nasara, ai kisa ya yi. Ga shi kuma tun asali dambe wasan mahauta ne, masu yawo gari-gari bayan girbi da kalangunsu, mutanen da ba su tsoron jini. Makaɗa irin su Ɗan Anace, wanda ya ɗaukaka sunan Shago, su suka kai kalmar kunnen wanda bai taɓa zuwa fili ba, ta hanyar rediyo da kaset.

Hausa tana da kashe-kashe masu yawa waɗanda babu gawa a cikinsu. Ana kashe kuɗi, ana kashe aure, ana kashe wuta, ana kashe ƙishirwa. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Tinkim zuwa Kano ya san mai karya farashi don ya kashe wa maƙwabcinsa kasuwa. Ma'aikaci ya san kashe-mu-raba, ya kuma san kisan mummuƙe, inda ake dariya da mutum da safe, a danne takardarsa da maraice. Waɗannan ba daga dambe suka fito ba, kuma sun bambanta da shi a abu uku. Kisan dambe gaba da gaba ake yinsa, a gaban shaidu. Yana da iyaka, don ba a bin wanda ya faɗi da duka. Na uku, kuma mafi girma: wanda aka kashe yana tashi, ya kaɗe ƙura, baɗi ya dawo neman fansa. Ɗan damben da ya raunata abokin karawarsa har abada, kansa ya rage wa abinci, domin babu mai liƙa jika ko naira ga mai naushin iska.

Siyasa ma ta ari bakin ƴan dambe. A zaɓen 2016, magoya bayan Mahamadu Isufu sun yi kirarin K.O. da bugu ɗaya, wato kisa tun turmin farko. Bai samu rabin ƙuri'u ba, sai da aka je zagaye na biyu da Hama Amadu. Shi kansa Isufu an kai shi ƙasa sau huɗu, a 1993, 1996, 1999 da 2004, kafin ya ci a 2011. Tanja Mamadu ya sha kaye a hannun Mahaman Usman a 1993, bai samu ba a 1996, ya hau kujera a 1999. Duk waɗannan kisan dambe ne: an faɗi, an tashi, an sake ɗaura zare. Amma ranar 9 ga Afrilun 1999, da aka harbe shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai, kalmar ta koma ma'anarta ta farko, wadda babu turmi na biyu a bayanta.

Saboda haka, duk mai riƙe da shago, ko ofis, ko tuta, in zai ari kalmar ƴan dambe, to ya ari ƙa'idarsu tare da ita. Mahauta, da wuƙa take sana'arsu, a bakin fili suke ajiye ta. Sun san cewa yau gare ka, gobe ga wani, kuma wanda ka kashe bana shi ne zai tara maka ƴan kallo baɗi.