Mu Koyi Kwamfuta: Akwatunan Saiti A Tagar Umarni

Sau da yawa mukan ɗora manhajar Python, mu buɗe tagar umarni, wato baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, mu rubuta python, sai ta ce ba ta san shi ba. Manhajar tana nan, kwamfutar ce ba a nuna mata inda take ba.

Kwamfuta tana da wasu 'yan akwatunan saiti da manhajoji ke leƙawa idan sun tashi aiki. Kowane akwati yana da suna da abin da aka ajiye a cikinsa. Mu ƙirƙiri namu. A Windows sai mu rubuta:

set GARI=Kano
echo %GARI%

A Linux kuwa, ko a Termux ga masu wayar Android:

export GARI=Kano
echo $GARI

Nan take za mu ga Kano ta fito a allo. Kada mu bar tazara kafin alamar = ko bayanta.

Akwatin da ya fi muhimmanci shi ne PATH. A cikinsa ne jerin foldojin da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya tana neman umarnin da muka rubuta. Idan foldar Python ba ta cikin jerin, ba za ta gan ta ba. A ce foldar sunanta kayana, ga yadda ake ƙara ta a Windows, sannan a Linux:

set PATH=%PATH%;C:\kayana
export PATH=$PATH:$HOME/kayana

Mu lura da %PATH% da $PATH ɗin nan, su ne ke riƙe tsohon jerin. Wanda ya manta da su ya shafe jerin ke nan, har umarni irin ls ko ping su daina aiki. Sauƙin abin, duk canjin da muka yi da set ko export yana gushewa da zarar mun rufe tagar.

Canji mai ɗorewa kuwa da setx ake yin sa a Windows, a Linux kuma a cikin fayil ɗin .bashrc. Wannan kam kada mu taɓa shi a kwamfutar makaranta sai da izinin malami, domin ba mu kaɗai ke amfani da ita ba.

Aikin gida: mu duba PATH da echo, mu ƙirga foldoji nawa ne a ciki. Sai mako mai zuwa.