Gani ya kori ji: hoton yunwa da hoton gawo

A watan Yuli na 2005, gidan talabijin na BBC ya watsa hotunan yara ramammu daga cibiyar ciyarwa ta Maraɗi. Tun bayan farin 2004 da ɓarnar fara ake ta kiran agaji, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Da hotunan suka fito, cikin ƴan makonni taimako ya fara sauka. Sai dai tun daga nan sunan Nijar ya manne da yunwa a idon baƙi.

A daidai wannan lokaci akwai wasu hotunan da ba su yi amo ba. Masani Gray Tappan, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975, ya jera su kusa da na tauraron ɗan adam na 2005. Gonakin kudancin Damagaram da suke fili fetal a da, sai ga su cike da itatuwa, galibi gawo. Binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij na 2006 ya ƙiyasta hekta kusan miliyan 1 a ƙasashen Magarya, Mirya da Matamaye, inda Kance take. A faɗin ƙasa kuwa an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200.

Ba dashe ba ne. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa a gona, suna gyara shi: sassaben zamani ke nan. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tauye gero. Yana takin ƙasa, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani.

Waɗannan hotuna suka zama shaidar manomi a gaban masu tsara manufofi, har gwamnati ta fitar da doka kan wannan aiki a watan Yuli na 2020.

To, hoto ba ya tsare icce. Ɗan kasuwar da ke sayen itacen wuta da ma'aikacin gandun daji da ke ba da izinin sara, su sani jama'a na ƙaruwa, gonaki na ƙanƙancewa, kuma gawon da ya shekara ashirin yana girma, gatari yini ɗaya yake buƙata. Tauraron da ya ɗauki hoton 2005 yana da magada a sama. Abin da za su nuna game da Kance nan gaba, a gona da kasuwa da ofis ake yanke shi.