Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Tsokaci Kan Famfon Man Motocin Gudu

A wannan makon zan ɗan jingine labari a gefe, domin in yi tsokaci a kan wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, wanda yake nitse a cikin tankin mota, babu mai ganinsa balle ya yaba masa, amma in ya gaza injin miliyoyin nairori ne ke salwanta, wani sa'in ma har da rai. Famfon mai nake nufi, wanda kanikawanmu ke kira fiyel-famfo.

Tun da fim ɗin The Fast and the Furious ya fito a 2001, sha'awar ƙara wa mota ƙarfi ta kama samarin duniya, mu ma ba ta bar namu ba. Je ka Kano ko Kaduna ko Abuja, za ka tarar da yaro ya sayi BMW ko Golf 'yar Kwatano, ya canza salansa don ta rinƙa ruri, ya sa faffaɗan tayoyi, in da hali ya ɗaura mata tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ko kuma a taɓa masa ƙwaƙwalwar motar. Kusan duk kuɗin a kan abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji suke ƙarewa. Ni kuwa a nawa ra'ayin, duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi bai fara ta kan hanyar mai ba, ya ɗora bene ne a kan tubalin toka. Wanda kuma ya ɗauka sayen babban famfo kaɗai ya gama magana, shi ma da sauransa.

Bari in kawo hujja. Inji iska da fetur yake ci, kuma da ƙa'ida yake cinsu. A tafiyar yau da kullum, ana son nauyin iska kashi 14.7 ya haɗu da fetur kashi 1. In aka taka totur har ƙasa a mota mai tabo, masu gyara kan nemi kamar kashi 12 da 1 ko ƙasa da haka, domin rarar man tana sanyaya cikin injin. To ka ga tabo ya ƙaro iska, famfo kuwa tsohon nan ne da kamfani ya auna daidai ƙarfin motar na asali. Sai iska ta rinjayi mai, zafi ya hau, inji ya fara ƙwanƙwasa, daga nan fistin ya narke ko ya huje. Mugun abin shi ne wannan ciwo ba ya nuna kansa a cikin gari. Mota za ta yi ta tafiya lafiya lau a cunkoson Ƙofar Nassarawa, sai ranar da ka fito za ka wuce tirela a hanyar Zariya, ga wata motar tana tunkaro ka, a nan ne za ta shaƙe.

Abin kuma da lissafinsa. Inji mai tabo yana shan kusan lita 37 a awa ɗaya a kan kowane ƙarfin doki 100, in an ƙure shi. Ke nan mai neman ƙarfin doki 400 yana buƙatar kamar lita 150 a awa, in ya bar rarar kashi 20 cikin 100 don tsaro ya zama lita 180. Wani zai ce ai shi ke nan, sai ya sayi Walbro 255, wanda ya yi suna a wajen masu wannan harka, tun da lita 255 yake turawa a awa. To amma mai karatu, wannan lamba ta jikin kwali an auna ta ne a matsin da bai wuce PSI 43 ba, irin awon nan da mai faci ke duba iskar taya da shi. In tabo ya cusa iska da matsin PSI 15, dole matsin mai ya tashi zuwa 58 kafin ya iya kutsawa, shi kuwa famfo duk sanda matsi ya ƙaru abin da yake turawa raguwa yake yi. Saboda haka jadawalin da kamfani ya fitar ake dubawa, a ga nawa zai bayar a matsin da motarka za ta yi aiki.

Daga nan sai maganar waya, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Babban famfo ya fi ƙarami jan wuta, wayar asali kuwa siririya ce, wuta na raguwa a cikinta kafin ta isa tanki, famfon da bai ƙoshi da wuta ba kuwa ba zai bayar da abin da aka rubuta masa ba. Gyaran da ya dace shi ne a ja waya mai kauri daga batir, a bi da ita ta fis da rile, sannan a bar ƙwaƙwalwar mota ta ci gaba da kunna rilen. Ka lura in ka murɗa makulli za ka ji ɗan guna na kamar daƙiƙa 2 daga baya, sai ya yi shiru har sai inji ya tashi. Ƙwaƙwalwar ce ke wannan aiki, kuma ita ke kashe famfo da zarar inji ya mutu. Amma wasu rewayoyinmu, don gudun dogon aiki, sai su haɗa shi dairek da makulli. Allah ya kiyaye, in aka yi karo tiyo ya tsinke, direba a sume, makulli a kunne, famfon zai yi ta feshin fetur a kan ƙarfe mai zafi har sai wuta ta tashi. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Sauran abokan tafiyar famfo su ma sai an waiwaye su. Akwai na'urar daidaita matsi, mai mayar da rarar mai cikin tanki. In famfo ya fi ƙarfinta sai matsi ya hau ko mota na tsaye, ta rinƙa baƙin hayaƙi, fulogai su yi baƙi, mai ya rinƙa ƙarewa a banza. Akwai nozul masu fesa man, in ƙanana ne ko ka kawo musu kogi iya abin da bakinsu zai ɗauka za su fesa. Akwai filta. Akwai tiyo, kuma wanda aka yi don tsohuwar mota mai kafireta, da matsin manta bai wuce PSI 4 zuwa 7 ba, bai dace da wannan aiki ba, haka wanda zai zauna cikin tanki irinsa daban ne, domin na waje ruɓewa yake in ya daɗe a jiƙe. Sababbin motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa famfo biyu gare su, na biyun a jikin inji yake, matsinsa ya haura PSI 2,000, don haka canza na tanki kaɗai ba lallai ya warware komai ba.

Sai kuma namu na gida, wanda littafin Bature bai san da shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, yawo da tanki kusan wayam ya zama ruwan dare. Alhali kuwa fetur ɗin da famfo ke nitse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Mai wasan mota da ke juyi da ɗan mai a ƙasan tanki, duk juyin da ya yi man gefe guda yake kwararewa, famfo ya zuƙi iska daidai lokacin da inji ke tsananin buƙata. Abin da ya sa masu tsere na gaskiya ke ƙara wani ɗan ƙaramin tanki da ke zama cike kullum ke nan. Ga dattin jarkar 'yan bumburutu, ga irin gurɓataccen man nan mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022, wanda ya kwantar da motoci da dama. Ga kuma jabun famfo mai kwali sak na asali, sai farashi mai daɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na san wani dattijo zai ce, me ya kai ka koya wa yara wannan, maimakon ka ce su daina? Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Wasan mota a titin jama'a ko a ayarin kai amarya ba na goyon bayansa ko kaɗan, ya mayar da gidajen biki da dama gidajen makoki. To amma rashin sani bai taɓa hana yaro taɓa mota ba, sai dai ya sa ya taɓa ta da ka. Wanda ya zauna ya lissafa litar da injinsa ke sha, ya san abin da waya ɗaya za ta iya jawowa, ya fi kusa da natsuwa a kan wanda ruri kawai ya sani, kuma daga cikin irinsu ne ake samun ƙwararrun kanikawan gobe.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce, kafin ka ba bakanike ko sisi, tambaye shi lita nawa injin zai buƙata, kuma a wane matsi. Ka tambaye shi ko yana da agogon auna matsin mai da na'urar auna haɗin iska da fetur, domin a gwada motar tana cikin aiki. Ka kuma tsaya a kan rewaya ka ga inda ya bi da wayarsa. In ya ce maka shi da kunne yake ganewa, ɗauki makullinka ka yi gaba. Iyaye mata da matan aure masu bin wannan fili, ku ma kuna da ta cewa, tun da ku da 'ya'yanku ne ke zama a kujerar baya, a saman wannan tanki.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in da rai da lafiya, za mu ɗora daga inda labarinmu ya tsaya. Wassalam.