Robar Hancin Nan Ba Mugunta Ba Ce

Jama'a, ba na ganin laifin uwar da ta ƙanƙame ɗanta ta ce ba za a zura masa roba ta hanci ba. Abin da wuyar kallo. Amma ɗan shekara biyu bai iya tofar da kaki ba, haɗiye shi yake yi cikin barci, ƙwayoyin tarin fuka su kwana a tumbinsa. Shi ya sa ake zuƙo ruwan cikinsa da sassafe, kafin ya karya kumallo, a sa a na'urar GeneXpert, cikin awa biyu sakamako ya fito. Iyaye mata, in tari ya haura mako biyu, yaro yana ta ramewa, ku daure ku bari a zura robar. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a Najeriya.