Mu daina sayar wa ƴan gwangwan tsoffin rediyo

Iyaye da ƴan'uwana malamai, akwai wata asara da muke tafkawa a Magariya da Dungas ba tare da mun damu ba. Tsohuwar rediyo ta yi shiru, sai a miƙa wa ƴan gwangwan a karɓi kuɗin goro. Idan yaro ya ɗauki sukuddireba zai buɗe ta, a daka masa tsawa a ce ɗan ɓarna ne. Washegari kuma a tura shi lakol, mu zana masa batir da waya a allo da alli, mu ce ya haddace. Mun sayar da kayan gwajin, mun bar shi da zane.

Masu cewa salula ta kashe rediyo, ina kuke a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar? Salula baiwar eriyar kamfani ce: eriya ta mutu, ko kuɗi sun ƙare, ta zama madubi. Kuma a liƙe take ruf, yaro ba zai taɓa ganin cikinta ba. Tana koya masa latsawa, ba ta koya masa gyara.

Ku dubi tsohuwar oba-oba irin ta masu sha'awar rediyo, wadda ake ji da ita kuma a yi magana. Yaesu FT-101, da aka fara ƙerawa a Japan wajen 1970, har yau ana aiki da ita, domin ana kwance ta a canja abin da ya ƙone. Batirin mota ya ishe ta. A ɗaura waya mai tsawon kamar mita 10 tsakanin itatuwa biyu, murya ta tashi a gajeren zango, ta bugi wani sashe na sararin sama ta dawo ƙasa a wata nahiya. Babu kamfani a tsakani. Duniya ta ware wa Nijar lambar kira mai farawa da 5U, Najeriya kuma 5N. A wasu ƙasashe ɗalibai suna magana da ƴan sama jannati ta oba-obar masu sha'awar rediyo. Namu fa, sun taɓa jin labarin?

Kada wani ya ce baƙon abu ne. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a Nijar, kuma malaman makaranta na cikin masu tara mutanen gari a saurari shiri, a yi muhawara, a naɗi muryar manomi a aika Yamai. Su da ƙaramar rediyo suka yi wannan. Mu da muka fi su kayan zamani, me muka yi?

Na san za a ce aji cike yake, wasu ma a rumfar zana suke karatu, ina kuɗin oba-oba? Gaskiya ne. Kuma aika murya ta iska sai da izinin hukumar ARCEP, ba na kiran kowa ya karya doka. Amma sauraren tasha da ƙaramar rediyo ba ya bukatar takarda, buɗe matacciyar rediyo ba ya bukatar kasafi.

Don haka ga abin da nake nema. Kowane kwamitin iyaye ya tattaro tsoffin rediyo biyar daga gidaje. A gayyato mai gyaran rediyo na kasuwa sau ɗaya a wata, a ba shi ladan wahalarsa, ya nuna wa yara lasifika da maganaɗisun da ke bayanta, da yadda ake liƙa waya da dalma. Da dare su kamo tashoshin nesa, su rubuta wace tasha suka ji, a wane zango, da ƙarfe nawa, su kawo aji a tambayi dalilin da ya sa dare ya bambanta da rana. Nan ga lissafi, ga labarin ƙasa, ga kimiyya, kuma gani ya kori ji.

Makarantar horon malamai ta Damagaram ita ma ta sa wannan a horonta. Malamin da bai taɓa haɗa waya biyu ba, da wane baki zai koyar da lantarki?

Uba kuma, in ka ga ɗanka ya kwance rediyo, ajiye bulalar. Miƙa masa wani sukuddireban, ka zauna kusa da shi.