Donat Ɗin Gida

Yara, ko akwai wanda bai san donat ba a cikinku? Shi ne abin nan mai kama da zobe, wanda ake yi da fulawa, a soya da mai, a tsoma cikin sukari har ya riƙa ƙyalli. Da yawanku a kansa kuɗin taranku yakan ƙare. To, ni abin da na gani shi ne, ya kamata kowane ɗan makaranta, mace da namiji, ya koyi yinsa a gida. Ku saurara ku ji dalilina.

Mu fara da asalinsa. Mutanen Holan da suka ƙaura zuwa Amurka sun tafi da al'adar soya curin ƙullu cikin mai. A can ne donat ya sami kamannin da muka sani. A shekarar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, waɗansu mata masu taimako sun riƙa soya wa sojojin Amurka shi a Faransa, sai ya ƙara suna. Amma kada ku zaci baƙo ne sosai a wurinmu. Ku tuna da alkaki. Ai shi ma da alkama ake yinsa, a soya, a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Ga kuma fanke da funkaso. Watau dai hannun da ya iya waɗannan, donat ba zai gagare shi ba.

Ga yadda ake yi. A sami fulawa kofi 4, da yis cokalin shayi 2, da sukari babban cokali 4, da bota babban cokali 3, da ƙwai 1, da gishiri kaɗan, da madara mai ɗumi kofi 1. A haɗa a kwaɓa, in ya yi tauri a ƙara ruwa kaɗan. A yi ta murzawa kamar minti 10, har ƙullin ya daina kama hannu. Sa'an nan a rufe shi, a ajiye a wuri mai ɗumi awa 1, sai ya kumbura ya ninka. A baza shi a kan faranti, kaurinsa kamar na yatsa. A kifa bakin kofi a yanko, a huda tsakiya da murfin kwalba. A bar shi ya sake tashi minti 30, a soya kowane gefe kamar minti 1. Daga nan a dama niƙaƙƙen sukari kofi 2 da madara babban cokali 4, a tsoma donat ɗin tun da sauran ɗuminsa, a jera shi ya sha iska.

Dalilina na farko, wannan aiki karatu ne. Wanda ya auna kofi 4 ya yi lissafi. In baƙi suka zo aka ce a ninka, to, dole ya san fulawa ta zama kofi 8, ƙwai kuma 2. Me ya sa ƙulli yake kumbura? Yis ɗin nan da kuke gani kamar gari, abu ne mai rai. Yakan ci sukari ya fitar da iska, iskar ta maƙale cikin ƙulli ta ɗaga shi. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi bincike a kan irin wannan aiki na ƙananan halittu tun wajen shekarar 1857. Saboda yis mai rai ne, in aka zuba masa madara mai ƙuna sai ya mutu, ƙulli ya ƙi tashi. Ramin tsakiya kuwa yana da amfani: ta nan mai yake shiga, ciki ya nuna tare da waje.

Dalili na biyu, yana koya haƙuri. Yaron da ya ƙosa ya soya ƙulli bai tashi ba, zai sami abu mai tauri kamar dutse. Wanda ya saka tun mai bai yi zafi ba, donat ɗinsa zai sha mai ya yi nauyi. Wanda ya cika wuta, bayan zai ƙone, cikin kuwa ɗanye. Shi ya sa ake fara jefa ɗan guntu a gani. In ya taso sama yana kumfa a hankali, mai ya yi daidai. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Dalili na uku shi ne mafi girma. Wanda ya yi abu da hannunsa ya san abin da ke cikinsa. In ka saya a hanya, ba ka san sau nawa aka soya abu da man nan ba, ba ka kuma san yawan sukarin ba. Amma in kai ka auna kofi 2 da idonka, ka gane ba abin ci kullum ba ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a rage shan sukari, ta ce zai fi kyau kada mutum ya wuce kamar cokalin shayi 6 a yini. Yawan zaƙi yana ruɓar da haƙora. Saboda haka donat na ranar Salla ne, da ranar hutu, da ranar baƙi. Ka ci ɗaya, ka ba ƙanenka ɗaya, ka kai wa maƙwabta, ka wanke baki.

Na san wani yaro zai ce, ai girki aikin mata ne. To, wa ke gasa burodin da kake ci da safe? Wa ke yin tsire da kilishi? Ba maza ba ne? Sana'a ba ta zama abin kunya ga kowa.

Wata uwa kuma za ta ce, mai yana da haɗari. Wannan gaskiya ce, ba na musu. Ruwa yana tafasa a zafin digiri 100, amma man suya yakan kai 180. Don haka a raba aiki. Awo da kwaɓi da yanka da tsomawa cikin sukari na yara ne. Suya kuwa ta babba ce, yaro ya tsaya nesa ya kalla, a kuma janye ƙanana daga bakin murhu. In mai ya kama wuta, kada a kuskura a zuba masa ruwa, gama wutar za ta yi tsalle. A kashe murhu, a rufe kaskon da murfi.

To, yara, ran Asabar mai zuwa ku roƙi izinin iyayenku ku gwada. In na farko bai yi kyau ba, kada ku karaya. Ku nemi inda kuskuren yake, ku sake. Da koyo akan iya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙulli yake kumbura?
2. Mene ne amfanin ramin tsakiyar donat?
3. Me za a yi in mai ya kama wuta?